Taj Mahal: Ginin da Aka Yi Domin a Gan Shi Sau Biyu

Birnin Agra yana bakin Kogin Yamuna, cikin jihar Uttar Pradesh ta ƙasar Indiya, tafiyar kilomita 200 da ɗoriya kudu da Delhi. Gari ne mai cunkoso da ƙura da hayaniya, inda mota da keke mai ƙafa uku da saniya suke rabon hanya ɗaya ba tare da wani ya yi wa wani kara ba. A nan ne hubbaren nan da ake kira Taj Mahal yake, wanda ko mutumin da bai taɓa ƙetare Kwara ba ya san kamanninsa, don ya gan shi a kalanda, ko a fim ɗin Indiya, ko a bangon shagon tela. To, amma da mai karatu zai tuna da kyau, zai ga cewa galibin hotunan da ya taɓa gani gini biyu ne a cikinsu. Ɗaya yana tsaye, ƙubbarsa tana duban sama, ɗaya kuwa yana rataye a ƙarƙashinsa cikin ruwa, kai a ƙasa. Wannan na biyun, watau inuwar, ita ce take fitar da masu ɗaukar hoto daga masaukinsu tun da asuba, su je su yi layi a bakin ƙofa cikin sanyi.

Labarin ginin sananne ne. Sarki Shah Jahan, na biyar a jerin sarakunan Mughal, wanda ya yi mulki daga 1628 zuwa 1658, shi ya sa aka gina shi a kan kabarin matarsa Mumtaz Mahal, wadda ta rasu a garin Burhanpur cikin 1631 wajen haihuwarta ta goma sha huɗu. An fara aiki cikin 1632, ba a gama dukan kewayen ba sai 1653, kuma an ce ma'aikata wajen 20,000 suka yi shi. Daga Makrana ta ƙasar Rajasthan aka yi ta jigilar farin dutsen marmara. Batun hukuncin yin gini irin wannan a kan kabari kuwa, wannan fagen malamai ne, kuma sun daɗe da yin magana a kansa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, maginan sun yi lissafi da ruwa kamar yadda suka yi lissafi da dutse. Al'adar sarakunan Mughal ita ce a kafa hubbare a tsakiyar lambu, kamar yadda aka yi wa Sarki Humayun a Delhi. A Agra sai aka saɓa. Aka tura ginin can ƙarshen lambun ta arewa, a gaɓar kogi, aka bar fili mai tsawon mita 300 da faɗin mita 300 a gabansa, aka raba shi gida huɗu da magudanan ruwa, bisa tsarin lambunan Farisa. A mahaɗar magudanan aka yi wani tafki na marmara a kan dakali, wanda ake kira da sunan Alkausara. Saboda haka duk wanda ya shigo daga kudu, doguwar magudana ce miƙe a gabansa kamar an ja layi, ba kuma abin da ke bayan ginin sai sararin sama. Ba dutse, ba gida, ba itace. Mai ɗaukar hoto yakan sha wahala wajen neman inda zai tsaya don ya raba abin da yake so da tarkacen da ke bayansa. A nan an yi masa wannan aiki fiye da shekara ɗari uku da sittin kafin ya zo.

Ana buɗe ƙofa kamar rabin sa'a kafin fitowar rana, kowace rana in ban da Jumma'a, wadda aka keɓe wa masu salla a masallacin da ke ciki. Ba a barin motar da ke shan fetur ko gas ta matso kusa, sai dai baƙo ya ƙarasa da ƙafa ko a ƙaramar motar lantarki. Bayan bincike, sai ya iske kansa a gaban wata babbar ƙofa ta jan dutse, wadda aka zana Suratul Fajri a kewayen bakinta. Zauren ƙofar duhu gare shi, kuma daga cikin duhun nan ne mutum yake fara hango farin ginin, bakin zauren ya kewaye shi kamar yadda katako yake kewaye madubi. Hoto na farko ke nan, kuma kusan kowa yakan tsaya cak a nan, har na baya su yi ta turi.

Daga nan sai rige-rige zuwa bakin ruwa. Gaggawar tana da dalili. Da sassafe iska ba ta tashi ba tukuna, ruwan yana kwance lumui kamar an shimfiɗa gilashi. Da rana ta ɗaga, iska ta fara kaɗawa, ko kuma aka kunna famfunan feshi da ke jere a tsakiyar magudanar, sai inuwar ta kakkarye, ƙubba ta zama farin dabbare-dabbare kawai. Wani lokaci ma baƙo yakan tarar an kwashe ruwan ana wanke magudanar, ya koma gida da rabin abin da ya zo nema.

A bakin ruwan nan ake gane gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo yakan tsaya ƙyam, ya ɗaga kyamara daidai idonsa, ya danna, sa'an nan ya yi mamakin ganin inuwar ta fito ƙarama, dishi-dishi, ga kasan magudanar da bututun famfo suna leƙowa. Gwani kuwa durƙusawa yake yi, wani har ya yi rub da ciki, ya sauke kyamarar ta kusa taɓa ruwa. Dalilin haka sananne ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙorama. In ya dubi wajen ƙafarsa, yashi da tsakuwa zai gani, gama ruwan da aka duba daga sama tsaye kashi 2 cikin 100 kaɗai na haske yake mayarwa, sauran ya shige ciki. In kuwa ya miƙa dubansa can nesa, sai ya ga gajimare da itatuwan ƙetare, don gwargwadon yadda ido ya kwanta kusa da fuskar ruwa, gwargwadon yadda ruwan yake zama madubi. Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Inuwa ba kwafin ginin ba ne da aka kife kawai. Abin da ake gani a ciki shi ne yadda ginin zai bayyana ga wanda ya nutse ƙarƙashin ruwa, zurfinsa daidai da tsayin kyamarar a bisa ruwan. Don haka in kyamara ta yi sama, sai na sama da na ƙasa su bambanta, itatuwa su rufe gindin ginin a cikin inuwar. In ta yi ƙasa ƙwarai, sai su zama tagwaye.

Malaman ɗaukar hoto sukan gargaɗi almajiransu kada su raba hoto biyu daidai wa daida, su ce a kasa shi uku, a ajiye layin da ya raba sama da ƙasa a kan ɗaya bisa uku. Wannan ƙa'ida ba ta da ƙarfi a Agra. Ginin kansa an yi shi ne bisa daidaito: hasumiya huɗu, kowace ta fi mita 40, biyu dama biyu hagu, masallaci a yamma, sa'an nan aka yi wani gini mai kama da shi sak a gabas, wanda ake kira jawab, watau amsa, domin kada gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Ruwa ya ƙara daidaito na sama da ƙasa a kan na dama da hagu. Wanda ya karkata ko da taku ɗaya daga tsakiyar magudanar, hotonsa zai tona masa asiri, shi ya sa ake ganin dattawa masu furfura suna ture-ture a kan wuri guda da bai fi tabarmar salla ba.

Sai dai fa gaskiya ita ce, wannan hoto na tsakiya an ɗauke shi sau miliyoyi, kuma na yau bai fi na jiya da kome ba. Hotunan da suke zama a zuciya su ne waɗanda wani abu ya shiga ya ɓata lissafin: mace sanye da jan sari tana wucewa ta gefe, ko mai shara da tsintsiyarsa, ko tsuntsu da ya sauka shan ruwa ya bar zobba suna faɗaɗa a kan ƙubba. Cikin watan Fabrairu na 1992, Gimbiya Diana ta Ingila ta zauna ita kaɗai a kan wani benci na marmara da ke bisa dakalin tafkin tsakiya, ginin da magudanar suna bayanta. Mijinta, Yarima Charles, yana can wajen wata hidima. Jaridun duniya suka buga hoton, kuma abin da kowa ya karanta a ciki shi ne gurbin da babu kowa a gefenta. Kafin shekarar ta ƙare aka ba da sanarwar rabuwarsu. Har yau masu yawon buɗe ido suna bin layi don su zauna a bencin. Wani mai hoto na Amurka, Steve McCurry, ya bi wata hanyar cikin 1999: ya bar ginin a waje ɗungum, ya ɗauki inuwarsa kaɗai a ruwa tare da wani mutum da ya sunkuya a ciki. Shi kansa hubbaren ma da irin wannan tangarɗa a cikinsa. Kabarin Mumtaz Mahal ne a tsakiya daidai. Sa'ad da Shah Jahan ya rasu cikin 1666, bayan shekara takwas yana tsare a gidan sarautar Agra bisa umurnin ɗansa Aurangzeb, sai aka raɓa nasa a gefen nata, ya zama shi ne abu guda da ya karya daidaiton wurin. Ba a yarda a ɗauki hoto a wannan ɗaki ba.

Batun launi kuwa, a nan ne wurin yake wasa da hankalin baƙo. Kowa ya san ginin fari ne, amma da wuya a same shi fari fat sai da tsakar rana, lokacin da ba ya yin kyau a hoto, don hasken yakan yi yawa har zanen furanni da rubutun da ke jikinsa su ɓace. Marmaran Makrana yana ɗaukar launin duk hasken da ya faɗo masa. Kafin rana ta fito yakan yi ruwan toka mai ratsin shuɗi. Da ta ɓullo daga hannun dama sai gefen gabas na ƙubbar ya yi ruwan hoda, gefen yamma yana nan da shuɗinsa, kuma wannan ɗan lokaci da launi mai ɗumi da mai sanyi suke haɗuwa a jiki ɗaya bai fi 'yan mintoci ba. Da la'asar sakaliya ya koma ruwan zinariya. A daren sha huɗu ga wata, da darare biyu kafinsa da biyu bayansa, akan bar mutane kaɗan su shiga su gan shi a farin wata, ban da Jumma'a da watan azumi.

Inuwar kuma tana da nata launi dabam. Kullum ta fi ginin duhu, tun da ruwa ba ya mayar da haske duka, kuma wannan duhu alheri ne, gama yakan sa launi ya ƙara kauri. Shuɗin sama ya fi nuna a ruwa, haka ma ruwan hodar asuba. Akan ga hoton da ginin na sama ya kusa ƙonewa da haske, amma na ƙasa ya fito da kowane zane. Masu kyamara suna da wani gilashi da suke ɗaurawa a gaba don kashe ƙyallin ruwa da na ganye; a nan sai an yi hattara da shi, domin juyi ɗaya na iya shafe inuwar baki ɗaya, a bar mutum da hoton kwalbati. Ga kuma jan dutsen masallaci, da koren dogayen itatuwan nan masu tsini da ke jere a gefen magudanar. Ja da kore da shuɗi, dukansu suna yi wa farin hidima ne, kuma mai hikima yakan bar ɗaya ko biyu su shiga hoto, ba duka ba. Daga Disamba zuwa Janairu hazo mai kauri yakan sauka da safe, ya fi na hunturun ƙasar Hausa danshi, har ginin ya ɓace sarai. Sa'ad da ya fara yayewa, ƙubba takan bayyana ita kaɗai kamar ba ta da gindi.

Ba a barin a kafa kyamara a kan ƙafafunta sai da izini na musamman, kuma an hana jirage marasa matuƙi. Yanzu dai galibin masu zuwa da wayar hannu suke ɗauka, kuma 'yan rakiya na wurin sun ƙware da dabaru. Wani ya zuba ruwan gora a kan daɓen masallaci, ya ce a kwantar da waya kusa da ɗan kududdufin, sai ga ƙubba a ciki. Wani ya nuna ta a cikin tabarau. Wasa ne, amma dokar haske ɗaya ce da ta babbar magudana.

Yana da kyau a sani cewa wannan buɗaɗɗen fili da ake gani yau ba haka yake ba tun asali. Wani likita ɗan Sikotlan da ya yi aiki a Agra, John Murray, ya ɗauki hotunan wurin a shekarun 1850, kuma a cikinsu lambun cike yake da manyan itatuwa masu duhuwa waɗanda suka rufe sashen ginin. Turawan mulkin mallaka ne suka sare da yawa daga cikinsu, suka shimfiɗa ciyawa irin ta lambunan Ingila, aikin da aka kammala cikin 1908 bisa umurnin da Lord Curzon ya bayar. Ashe hoton kalanda yana da hannun Bature a ciki.

Madubi na biyu, wanda ya fi girma, yana bayan ginin, watau Kogin Yamuna. A ƙetarensa akwai wani lambu, Mehtab Bagh, ma'anarsa lambun farin wata, wanda faɗinsa ya yi daidai da na Taj Mahal, yana kuma fuskantarsa sak. Wani Bafaranshe mai fataucin duwatsu masu daraja, Tavernier, wanda ya zo Agra a ƙarni na 17, shi ya baza labarin cewa Shah Jahan ya yi niyyar gina wa kansa hubbare a wannan ƙetare, daga baya mutane suka ƙara da cewa da baƙin dutse za a yi shi. Da masu binciken kayan tarihi suka tona wurin a shekarun 1990, ba su sami harsashin baƙin gini ba. Abin da suka samu shi ne babban tafki mai kusurwa takwas da famfunan feshi 25. Waɗansu masana suna ganin baƙin Taj Mahal ɗin da ake faɗa ba kome ba ne illa inuwar farin a cikin wannan tafki da dare. Tun cikin 1652 Aurangzeb, yana ɗan sarki, ya rubuta wa mahaifinsa cewa ambaliya ta mamaye lambun.

Daga Mehtab Bagh ake ɗaukar hoton faɗuwar rana, kuma a nan ne mai hoto yake gamuwa da abin da kalanda ba ta nunawa. Yamuna tana isowa Agra ne bayan an tare mafi yawan ruwanta a madatsai don noma da sha, bayan kuma Delhi da Mathura sun juye mata ƙazantarsu. Da rani takan janye ta bar yashi da kududdufai masu wari, da leda, da kumfa. Ruwa mai duhu yana ba da inuwa mai kyau, wannan gaskiya ne, kuma da ɗan sunkuyawa da karkata kyamara ana iya fitar da hoton da zai sa a ɗauka kogin Aljanna ne. Ko wannan gwaninta ce ko rufa-rufa, ya danganta da abin da aka ce hoton yana nunawa. Cikin Fabrairu na 2020, gab da zuwan Shugaba Donald Trump na Amurka, sai da hukuma ta sako ruwa daga wata magudanar Kogin Ganga zuwa cikin Yamuna don a rage wari.

Farin dutsen ma bai tsira ba. An buɗe matatar mai a Mathura cikin 1982, kimanin kilomita 50 daga Agra, ga kuma ɗaruruwan maƙeru da ke ƙona gawayin kwal a cikin gari. Cikin 1983 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya, shekara guda bayan haka kuma wani lauya, M.C. Mehta, ya kai ƙara cewa hayaƙi yana mayar da marmaran rawaya. Sai a watan Disamba na 1996 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, ta umurci masana'antu 292 su koma aiki da iskar gas ko su tashi daga yankin da aka shata mai faɗin murabba'in kilomita 10,400. Duk da haka ƙura da hayaƙin ƙona shara ba su daina sauka a kan dutsen ba. Tun 1994 ake yi masa wani magani da matan Indiya suka daɗe suna yi wa fuskarsu: a shafa wani irin yumɓu da suke kira multani mitti, a bari ya bushe ya tsotse dauɗa, a wanke da ruwa mai tsabta. Wanda ya zo a lokacin wannan aiki, hasumiya sanye da ƙarafan hawa zai samu a hotonsa, sama da ƙasa.

Cikin 2016 kuma sai ga wata sabuwa. Waɗansu ƙananan ƙwari masu kama da sauro, da ke hayayyafa a ruwan kogin da ya daina gudu, suka riƙa tururuwa zuwa bangon arewa, suna barin kashinsu kore da baƙi a kan zanen furanni. Kifin da zai cinye su ya ƙare a ruwan. A watan Yuli na 2018 alƙalan Kotun Ƙoli suka fusata, suka gaya wa gwamnati ta zaɓi ɗaya cikin uku: ta gyara wurin, ko ta rufe shi, ko ta rushe shi.

Cikin Yuli na 2023 aka yi ruwan sama mai yawa a arewacin Indiya, Yamuna ta cika ta tumbatsa har ta taɓa bangon Taj Mahal. Mehtab Bagh ya nutse kamar yadda ya yi a zamanin Aurangzeb, aka rufe shi, mazauna unguwannin gaɓa suka kwashe kayansu. Masu hoto suka hau rufin gidaje, amma ruwan ja ne, yana gudu da ƙarfi, bai nuna inuwar kome ba.